Kaset Ɗin da Nathan Ya Tafi da Shi

Duk wanda ya san Baba Philemon Dokas a unguwar Mayo Gwoi ya san ba a shiga gidansa da waya a hannu. Kafin ka gama sallama zai dubi hannunka, ya dubi aljihun rigarka, sannan ya amsa. In ya ga kan wayar ya leƙo daga aljihu, sai ya ce ka juya ta ta fuskanci ƙirjinka. Baƙi sukan ɗauka raha yake yi. Mu da muka tashi katanga ɗaya da shi mun san babu raha a ciki.

Sunana Sumayya, ina koyar da Turanci a wata sakandare a nan Jalingo. Mahaifina, Alhaji Musa tela, abokin Baba Philemon ne tun suna samari. Daga bakin su biyun na tsinci farkon labarin nan, sauran kuma a gabana aka yi.

An haifi Baba Philemon a Lau a 1953. Mahaifinsa mai fito ne, yana haye da mutane da buhunan hatsi a kwalekwale a kan Binuwai. Yana ɗan shekara goma sha biyar aka kawo shi Jalingo karatu. Da ya gama ya samu aiki a ofishin safiyo, yana zana taswirar filaye, kuma aikin da ya yi ke nan har ya yi ritaya. Rubutun hannunsa kamar an buga da inji. Amma tsofaffin garin nan ba da taswira suke tuna shi ba, da jita suke tuna shi.

A 1974 aka kawo wani saurayi ɗan Ingila, Nathan, ya koyar da lissafi. Dogo ne siriri, gashi har kafaɗa, matan kasuwa suka sa masa suna Dogon Yaro. Ya zo da jita mai aiki da lantarki da ƙaramar lasifika da yake haɗa ta da batirin mota. Gidan da aka ba shi yana kan hanyar Philemon ta komawa daga ofis. Kwana uku Philemon yana tsayawa a bayan zana yana sauraro, a rana ta huɗu Baturen ya buɗe taga ya yafito shi.

Cikin shekara guda Philemon ya kamo malaminsa a kaɗa jita, wasu ma suna cewa ya wuce shi. Suka kafa ƙungiya su huɗu: Nathan da Philemon a kan jita, wani Bajukune mai suna Tobias yana waƙa, mahaifina yana ganga. Alhaji ba ya son a tayar da wannan zancen yanzu, in an tayar sai ya gyara hula ya ce ƙuruciya ce. Kiɗan rok suke yi, irin wanda samarin Ingila ke yayi a lokacin, a kulob ɗin ma'aikata da yammacin Asabar, da wajen bukukuwan aure. Sau ɗaya aka ɗauke su a bayan babbar mota aka kai su Yola.

Akwai wani kiɗa da mutane suka fi nema. Wata murya ce da Philemon ya taso yana ji a bakin kogi, masu fito na rera ta suna tuƙi. Ya ɗora ta a kan jita, ya ƙara mata sauri, ya yi mata wata lanƙwasa a tsakiya da shi kaɗai ya iya fitar da ita daidai. Ba su sa mata suna ba. Mutane kawai sukan ɗaga murya su ce, "A yi mana na Lau!"

Da wa'adin Nathan ya cika a 1977, ya tara su a falonsa ya ajiye rikoda a kan kujera, suka buga duk abin da suka iya har kaset ya cika gaba da baya. Ya ce in ya isa gida zai sa a kwafa ya aiko wa kowa nasa. Bayan wata biyu kati ya zo, da hoton wata gada a jiki da gaisuwa layi huɗu. Daga nan shiru.

Philemon bai ɗauki abin da zafi ba da farko. Ya yi aure da Mama Cecilia, suka haifi 'yarsu Joy, ya ci gaba da kaɗa jita a coci. Sai wata Asabar a 1983, yana wanke kekensa a tsakar gida da rana, rediyo na gefe ya kamo wata tashar waje. Ya ji jita ta shigo, ya ji ganga ta bi ta, ya saki tsumman da ke hannunsa. Na Lau ne. An ɗora masa waƙar Turanci, amma shi ne, har da lanƙwasar nan ta tsakiya.

Ya ƙwala wa Mama Cecilia kira. Tana suyar ƙosai a bayan gida, kafin ta sauke kasko ta zo tashar ta ɓace, sai ƙara. Ya yi ta murɗa rediyon har yamma bai sake samun ta ba. Bai ji sunan waƙar ba, bai ji sunan masu ita ba, kuma babu wanda ya ji tare da shi.

Ya je shago ya faɗa wa mahaifina. Alhaji yana kan keken ɗinki, ya ce, "Philemon, kiɗa yana kama da kiɗa. Wataƙila kunnenka ne."

Wata biyu ba su yi magana ba saboda wannan kalmar.

Daga wannan rana mutumin ya canza. In aka gayyace shi biki sai ya zagaya wurin tukuna ya duba ko an ɓoye rikoda. Ya koma juya wa mutane baya in yana kaɗawa, don kada a ga inda yake sa yatsunsa. Samarin coci suka roƙe shi ya koya musu, ya koya musu abin da ke cikin littafi kawai. Zargin ya bi shi har ofis: ba ya barin taswira a kan tebur in zai fita fitsari, sai ya naɗe ta ya tafi da ita. Da wayoyi masu ɗaukar hoto suka cika gari, wata Lahadi ya ɗaga kai a coci ya ga guda shida sun nufo shi. Ya zare igiyar jitar a tsakiyar waƙa ya sauka. Tun ranar ya rataye ta a ɗaki, ya rufe ta da tsohon zanen Mama Cecilia.

Haka na san shi ina yarinya: dattijo mai kirki, mai raba mana mangwaro, amma in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya tambaye ka me za ka yi da shi.

A daminar 2023 Joy ta shigo gidanmu da wayarta, ta ce in karanta wani saƙo. Joy a banki take aiki, kullum tana ganin waɗanda 'yan damfara suka wanke. Saƙon ya zo ne ta shafin cocinsu, daga wata mata mai suna Sandra. Ta ce ita 'yar Nathan ce, ita ke kula da harkokinsa, mahaifinta ya haura saba'in amma har yanzu yana hawa dandamali, kuma yana neman wani Philemon da ya yi kiɗa da shi a Jalingo.

"Ƙarya ce," in ji Joy. "Haka suke farawa. Gobe za su ce an turo kaya, a biya kuɗin fito."

"To ina suka samu sunan Baba?"

"Ina suke samun na kowa?"

Muka kai wa Baba Philemon maganar yana zaune a gindin mangwaro. Ya sa tabarau, ya ce in riƙe wayar daga nesa, ya karanta sau biyu ba tare da ya taɓa ta ba. Hausarsa irin ta mutanen nan ce, ba ya damuwa da bambanta mace da namiji.

"Wannan mata, wa ya san shi?" ya ce. "Nathan ba ya da yaro."

"Baba, shekara arba'in da shida fa," na ce.

"Ko ɗari ne. Malama, ki rubuta masa tambaya uku."

Ya sa na tambayi sunan da matan kasuwa ke kiran Baturen, da abin da ya lalace a hanyar Yola, da sunan karen da yake kiwo. Da na gama rubutawa ya matso ya ce mini a hankali, Nathan bai taɓa kiwon kare ba.

Amsa ta zo washegari. Dogon Yaro. Fatar gangar Musa ce ta fashe da motar ta faɗa rami. Game da kare kuwa, Nathan ya ce ko dai tsufa ya cinye masa ƙwaƙwalwa ko kuma babu wani kare, abin da yake tunawa akuyar maƙwabta ce da ta cinye masa takardun jarrabawa.

Mahaifina ya yi dariya har da tari, ya ce wallahi an yi haka. Baba Philemon bai yi dariya ba. Ya ce Tobias ya san duk waɗannan, kuma kafin ya rasu ya yi shekaru a Legas, wa ya san wanda ya ba labari? Joy ta goyi bayansa. Ta ce yanzu ana haɗa muryar mutum da fuskarsa da na'ura, uwarsa ma ba za ta gane ba.

Ni ce na ce mu nemi sunan Baturen a intanet mu gani. Muka same shi. Bayan ya koma gida ya bar koyarwa, ya kafa ƙungiya da wasu abokansa, suka yi waƙa ɗaya da ta yi tashe a farkon shekarun tamanin. Sauran faya-fayensu ba su yi kasuwa ba, ƙungiyar ta watse, biyu daga cikinsu sun mutu. Shi bai daina ba. Ga shi nan a bidiyo, kai ya yi fari fat, ƙusumbi ya fara fitowa, da na'urar ji a kunne, yana kaɗawa a ƙananan zauruka gari bayan gari. Masu kallonsa ma yawanci tsofaffi ne, wasu da sanduna, suna rera waƙoƙin tare da shi. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Wayar ta yi ta jero mana sa'o'insa, tsofaffin makaɗan rok na Ingila, wasu sun doshi tamanin, suna cika filayen ƙwallo da jama'a.

Baba Philemon ya shafe sati yana sa ni in buɗe masa su bayan na taso daga makaranta. Ba fuskokinsu yake kallo ba, yatsunsu yake kallo.

"Wannan ba ya kaɗawa," zai ce. "Kaset aka sa masa, yana motsa hannu kawai. Maida baya. Kin gani? Sauti ya tafi sama, hannu yana ƙasa."

Wani lokaci yana da gaskiya a ganina, wani lokaci hoton ne ke makara. Wasu kuma sai ya kalla har su gama, ya ce, "Hm. Wannan yana yi." Ya ce bai yarda mutum mai shekara saba'in da biyar zai tsaya awa biyu da jita a wuya ba tare da an yi masa wata allura ba. Mama Cecilia ta ce shi da yake noman masara yini guda a gonarsa ta Kona, wa ke yi masa allura?

Ran nan ne muka buɗe waƙar da ta yi tashen. Na kira mahaifina ya shigo. Jita ta fara, ganga ta bi ta. Ban taɓa jin na Lau ba a rayuwata, amma da na dubi fuskokin tsofaffin nan biyu na san shi ne. Baba Philemon bai motsa ba, hannunsa na hagu kawai ke matsa gwiwarsa. Da waƙar ta ƙare mahaifina ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Philemon," ya ce, "ka yafe mini. Ba kunnenka ba ne."

"Na faɗa maka, Alhaji."

"Ka faɗa mini."

Mama Cecilia ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Daga baya ta gaya mini ita ma shekara arba'in tana zaton mijinta ya ji abin da yake son ji ne.

Aka sa ranar magana ta bidiyo, Lahadi bayan an taso coci. Baba Philemon ya ƙi zama a gaban wayar. Ya sa Joy ta jingina ta da kwano a kan tebur, shi ya zauna a gefe inda yake ganin allon amma ba a ganinsa. Sandra ta fara bayyana, mace mai kimanin shekara arba'in, sannan ta juya wayar ga wani tsoho a kan kujera.

"Sannu, Philemon," in ji tsohon da wata karyayyar Hausa. "Yaya gajiya?"

Baba Philemon ya tsura wa allon ido daga gefe. Joy ta raɗa mini cewa wannan ma ana iya haɗawa.

Can Baba Philemon ya yi magana da Turanci daga inda yake. Ya ce in shi ne Nathan, ya ɗauko jita yanzu, ya kaɗa na Lau, ba yadda yake a faifai ba, yadda suka fara yin sa a falo, a hankali.

Tsohon ya miƙa hannu Sandra ta ba shi jita. Gaɓoɓin yatsunsa sun kumbura. Ya fara, ya tafi daidai, har ya iso lanƙwasar tsakiya. Nan ya yi tuntuɓe, ya koma baya, ya sake yin tuntuɓe a wuri ɗaya.

"Shi ne," in ji Baba Philemon da Hausa. "Har yau bai iya wurin ba."

Ya ja kujerarsa ya shigo gaban wayar. Suka kalli juna. Baturen ya rufe baki da hannu, idanunsa suka kawo ruwa. Na ɗauka za a yi gaisuwar yaushe rabo. Ba a yi ba.

"A faifan, wa ya kaɗa wurin?" in ji Baba Philemon.

Nathan ya ce wani makaɗi aka ɗauko haya, aka kunna masa kaset ɗin Jalingo ya kwaikwaya.

"Sunan wa aka rubuta?"

Ya ce kamfanin faifan ya rubuta cewa kiɗan gargajiya ne, ƙungiyarsu ta gyara. Ya ce ya ga takardar kafin a buga, ya san ba daidai ba ne, bai yi musu ba don yana tsoron a fasa fitar da faifan. Bayan nan kunya ta hana shi rubuto wasiƙa, kowace shekara kunyar tana ƙaruwa.

"To me ya sa yanzu?"

Ya ce suna kwashe kaya ne zai koma ƙaramin gida, Sandra ta tsinci kaset ɗin a cikin akwati. Ya saurara, ya ji su huɗu suna dariya. Yana so a fitar da shi duniya ta ji, da sunan kowa.

Baba Philemon ya daɗe yana kallonsa. "Zuciyarka ce ta ce ka neme ni, ko lauya?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Sandra ce ta amsa daga bayansa. Ta ce duka biyun ne. Mahaifinta ya daɗe yana ambatonsa, amma gaskiya kamfanin da zai fitar da kaset ɗin ya ce ba zai taɓa shi ba sai an samu sa hannun waɗanda ke ciki.

Baba Philemon ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ni da Joy da Alhaji. Sannan ya ce wa Sandra ta aiko da takardar.

Takardar ta zo, shafi uku ce. Joy ta kai wa wani lauya ɗan cocinsu, ya ce bai ga tarko a ciki ba. Baba Philemon ya ce lauyan yaro ne. Ya karanta ta da kansa da rula, layi bayan layi, kamar yana duba iyakar fili. A shafi na biyu an rubuta cewa Philemon Dokas ne ya ƙirƙiri kiɗan. Na zaci wannan layin zai faranta masa rai, abin da ya jira ke nan tun kafin a haife ni. Amma sati uku takardar tana ƙarƙashin matashinsa.

Mama Cecilia ce ta fasa ƙwan. Muna zaune tana tsince wake, ta ce, "Baban Joy, ni fa akwai abin da ke damuna. Wannan murya, ba ita ce marigayiya mamarka take yi in tana niƙa ba? Kai ka ƙirƙira ta?"

"Ni na sa shi a jita."

"Ban ce ba kai ka sa ba. Na ce kai ka ƙirƙira?"

Ya tashi ya bar wurin. Bayan kwana biyu ya ce Joy ta nemo mota, za shi Lau, kuma in zo in rubuta abin da za a faɗa, da biro, ba da waya ba.

Rabonsa da garin tun jana'izar mahaifiyarsa. A bakin kogi yawancin jiragen yanzu masu inji ne, babu mai waƙa, ƙarar ma ba za ta bari ba. Samarin da muka tambaya ba su san muryar ba. Wani tsoho mai gyaran taru ya ce ya san ta, amma daga tsallake ta zo, ba ta nan ba ce. Wani ya ce ƙarya ne, ta nan ce. Daga ƙarshe aka kai mu gidan Iya Zulai, wadda mahaifinta ya yi tuƙi tare da mahaifin Baba Philemon. Ta kusa casa'in, tana zaune a kan tabarma tana ɓare gyaɗa.

Ta gane shi da ya faɗi sunan uwarsa. Aka gaisa, aka kawo ruwa. Da ya faɗi abin da ya kawo shi sai ta daina ɓarar gyaɗar. Ta dube shi, ta dubi Joy da takalminta na banki, ta dubi littafin da ke hannuna.

"Shekara nawa ba ka zo ba, yau ka zo neman waƙa? Wa ya aiko ka?"

"Ba wanda ya aiko ni, Iya."

"Wannan me take rubutawa? Wa za ku kai wa?"

Ya yi bayani, ya ambaci Bature, abin ya ƙara lalacewa. Ta ce waƙar ta babanta ce, shi ya yi ta a shekarar da ruwa ya ci kasuwa, kuma ba za ta rera wa kowa ba. Ta ce mu sha ruwanmu mu tafi.

Baba Philemon bai yi gardama ba. Ya gyara zama ya fara rera muryar a maƙogwaro, ƙasa-ƙasa. Ta kau da kai. Da ya iso tsakiya ta juyo da sauri.

"Ba haka ba ne! Wa ya koya maka wannan karkacewar? Miƙe take."

Ta rera layi ɗaya don ta gyara masa, da wata siririyar murya mai rawa, sannan ta kama bakinta ta harare shi. Ba ta ƙara ba.

A hanyar dawowa, muna shigowa Jalingo, ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Tsohuwar nan yana da gaskiya. Ni ma ban tambayi kowa ba."

Washegari ya ɗauko takardar, ya ja layi da rula a kan sunansa, ya rubuta a sama da wannan rubutun nasa: muryar masu fito ta Lau, Philemon Dokas ya ɗora a jita ya ƙara tsakiya. Bai sa hannu ba. Ya ce a sake bugo ta haka tukuna. Sandra ta ce kamfanin yana so a ambaci mutum ɗaya, don ba su san yadda za su yi da gari guda ba. Ya ce wannan matsalarsu ce. Nathan ya goyi bayansa, abin da ya sa Baba Philemon ya kwana biyu yana tunanin ko wata dabara ce.

A watan Yulin 2024 Nathan ya samu gurbi a wani bikin kiɗa da ake yi a fili da rana, kuma za a nuna kai tsaye. Ya ce zai yi na Lau, zai kuma faɗi inda ya samo shi. Baba Philemon ya ce ta yaya zai san kai tsaye ne, ba tsohon hoto aka haɗa aka turo masa shi kaɗai ba? Sai da safiyar ranar ya sa na aika wa Sandra sharaɗi: kafin waƙar, Nathan ya ɗaga yatsu uku, ya taɓa kunnensa na hagu.

Muka taru a gindin mangwaro da la'asar, har da maƙwabta. Aka nuno fili cike da mutane, wasu da lema don ana yayyafi. Nathan ya hau dandamali yana dogara sanda, aka ajiye masa kujera mai tsawo. Ya yi waƙa biyar. Baba Philemon ya sa ido a kan yatsunsa, ya ce yana yi, ba kaset ba ne, don ga kurakurai nan. Sannan tsohon ya matso da bakinsa kusa da makirufo, ya ɗaga yatsu uku, ya taɓa kunne. Mutanen filin suka yi dariya ba su san dalili ba. Mama Cecilia ta yi guɗa.

Ya gaya musu cewa waƙar da suka fi sani da shi ba tasa ba ce. Ya ambaci Lau da masu fito, ya ambaci Philemon Dokas, ya ambaci marigayi Tobias, ya ambaci Musa mai ganga. Mahaifina ya ce innalillahi, ya ja hula ya rufe fuska, maƙwabta suna ta yi masa dariya. Da aka iso tsakiyar kiɗan, Nathan ya ɗaga hannu daga jitar gaba ɗaya, ya bar ganga kaɗai tana tafiya, sannan ya shigo bayan wurin ya wuce.

"Ya gudu," in ji Baba Philemon. Amma na ga ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Takardar har yau ba a sa mata hannu ba. An bugo ta sau huɗu, kowane karo sai ya samu abin gyara. Kaset ɗin bai fito ba. An aiko masa kwafi, ya saurara, shi da Alhaji su biyu a ɗaki, suka hana mu shiga. Nathan ya gayyace shi Ingila su hau dandamali tare, ya ce ba zai je inda bai san hanyar dawowa ba. Amma kowace Lahadi bayan coci suna magana, yawanci musu ne a kan wanda ya manta me. Ya aiki Joy ta sayo masa sababbin tsirkiyoyin jita, ya duba kwalin ya ce jabu ne, ya ɗaura su duk da haka.

Makon jiya Sandra ta rubuto cewa an soke wasanni shida, za a yi wa mahaifinta aiki a hannu. Na je na karanta masa. Ya ce in ɗauko biro.

"Ki tambaye shi sunan likitan. Shekara nawa yana wannan aiki, mutum nawa ya yi wa, nawa suka warke. Kuma ki ce kada Nathan ya sa hannu a kowace takarda sai an turo mini na karanta."

Na rubuta na aika. Amsa ba ta zo ba tukuna, yau da safe ya leƙo ta katanga sau biyu yana tambaya.